Shekarar da Na Warware Rigar Babanku

Ni ba mai yawan magana ba ce, kun sani. Ban zauna a aji ba ko na yini ɗaya. Wannan ma faɗa nake yi autarku Hajara tana rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara mini baki. Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne maganar da babbanku ya yi ranar sunan jikata a unguwar Ka'akiyya, nan Makka. Yana cikin maza, da Larabci, yana tsammanin labule ya tare kunnena. Ya ce shi ko zare bai gada daga ubansa ba, domin riga ɗaya da mutumin ya bari uwarsa ta sayar da ita tun ƙasar kabarinsa ba ta kwanta ba. Na ji. Shekara talatin ke nan yana ɗauke da wannan magana, ni kuma ina ɗauke da amsarta. Ban sayar ba. Ga abin da ya faru.

Sai na fara daga tsutsa, in ba haka ba ba za ku gane ba. A garinmu, can ƙasar Ningi, akwai wata tsutsa mai gashi da ke cin ganyen doka da na tsamiya. In damina ta ja baya sai su sauko a jere, kowace na bin bayan 'yar'uwarta, su taru a gindin reshe su saƙa wa kansu gida ɗaya, ja-ja kamar tsohuwar jakar fata. Daga wannan gida ake fitar da zaren da muke kira tsamiya. Larabawa harir suke cewa, amma namu ba ya ƙyalli irin nasu. Launin ƙasa ne, yana da ƙarfi, riga ɗaya tana kai jika. Kakata Iya ce ta koya mini aikinsa. A dafa gidan cikin ruwan toka yini guda har danƙon ya sake shi, a wanke, a shanya a inuwa, a shiɓe, a shafa alli a yatsa a kaɗa da mazari. Gashin tsutsar yana sa ƙaiƙayi har cikin hammata. Duk yarinyar da ta yi kuka, Iya ba ta sake kiranta. Ni ban yi ba. Ƙa'idarta ɗaya ce, kullum za mu shiga daji sai ta maimaita:

“Ba a cire gida sai masu gida sun yi fiffike sun fita. Ki taɓa. In kin ji nauyi, mayar da hannunki.”

Ina budurwa sana'ar ta tashi. Fatake suka riƙa zuwa daga Kano da Zariya da Bida, domin kowane mai hali yana son a ga tsamiya a ƙirjin rigarsa. Matan garinmu suka sayi awaki, suka yi wa ɗakuna rufin kwano, har wata ta biya wa mijinta kuɗin keke tana yi masa gori da shi a bakin rijiya. A lokacin ne na ga babanku na ce shi nake so. Shekara biyu ina ware masa zare mafi kyau, na kai wa masaƙi, aka saƙa masa riga ta tsamiya zalla daga wuya har ƙasa. Ita ya saka ranar ɗaurin aurenmu. Ita ce rigar da ake magana.

Sai wani mutum ya zo da mota da sikeli. Shi ba zare yake saye ba, ɗanyen gida yake aunawa. Gidan da tsutsa ke ciki kuwa ya ninka wanda suka fita nauyi. Ba a yi wata biyu ba kowa ya gane haka, maza da ba su taɓa kallon tsutsa ba suka shiga daji da gora. Iya ta tsaya a bakin motar da sandarta.

“Iri kuke sayarwa. Wa zai yi ƙwai baɗi?”

“Iya, daji ne fa,” in ji ƙanen babana. “Kin taɓa jin daji ya ƙare?”

Aka yi dariya. Ni ma na cire masu nauyi, ba zan ce ban cire ba. Damina uku aka yi. Ta huɗu muka yini a daji muka dawo da gida biyu. Mai sikeli bai sake zuwa ba, zaren kanti mai ƙyalli ya cika kasuwa da araha, mata suka rataye mazarinsu. Da muka tashi tahowa Makka, babbanku yana goye a bayana, Iya ta ɗinka mini wani babban matashi ta cusa ragowar gidajen da ta ɓoye, duk waɗanda masu su suka fita da kansu. Ta ce in ba su yi mini komai ba, kaina dai zai sami wurin kwanciya. Shekara goma sha biyu ina kwana a kansa a unguwarmu Nakkasa ban buɗe ba.

Babanku ya rasu a watan Safar. Leburan gini ne, ƙirji ya kama shi, sati uku. Ya bar mini ku uku, ɗaki ɗaya a kan dutse, risho, da akwati mai rigar nan a ciki. Ina fita takaba wansa, Yaya Sale, ya zo daga Jidda. Ba mugu ba ne, kada ku ce na ce. Mutum ne mai 'ya'ya tara da mota ɗaya ta haya. Ya zauna a bakin ƙofa, na ba shi shayi, ya riƙe bai sha ba.

“Talatu, na yi tunani. Yaron zai bi ni, akwai wurin wankin mota. Binta na samo mata gidan aiki, mutanen kirki ne. Ke da ƙaramar ku koma gida.”

“Yaya, uku na haifa. Ba na rarraba su kamar naman layya.”

“Da me za ki ciyar da su? Da wanke-wanken gidan biki?”

“Ka ba ni zuwa saukowa daga Arfa.”

“Me zai faru a Arfa? Za a yi ruwan shinkafa?”

“In alhazai suka watse ban tsaya da ƙafata ba, ka zo da motarka.”

Ya ce tayyib, wato ya yarda. Ya sha shayin. Wata biyar ke gabana, kuma a lokacin da nake maganar ban san abin da zan yi ba. Sai da na zo gyara shimfiɗa na ɗaga matashin Iya, na ji ƙarar busasshen abu a ciki, sannan na zauna, dabara ta faɗo mini.

Washegari na sauka titin Mansur mai shaguna, wurin Malam Garba, wani tsohon tela ɗan Zariya da ke kama bakin jallabiya da keke a wani lungu. An ce mini a gida maɗinkin babbar riga ne, na hannu. Na ajiye masa gida ɗaya a kan tebur. Ya cire tabarau, ya shinshina.

“Hajiya, wa ya mutu ya bar miki wannan?”

“Kakata. In na kaɗa za ka ɗinka?”

“Yatsun nan sun manta allura.”

“Su tuna. Nawa ma sun manta mazari.”

Muka shirya. Shi zai kawo farin yadi da aikin hannunsa, ni zare, riga biyu, abin da aka samu mu raba. Saura toka. A nan na yi wautar da har yau in na tuna ina jin zafinta a wuya. A garinmu toka shara ce, a kowane murhu akwai. A Makka kowa da risho ko gas yake girki. Tokar masu tsire duk kitse ce, za ta ɓata zaren. Kanwa kuwa a ƙulle ake sayar da ita kamar magani. Wata maƙwabciyata ta ce ai akwai wata farar soda a kanti, wadda ake zubawa in magudanar ruwa ta toshe, ta fi toka ƙarfi sau goma, aikin yini za ta yi shi a sa'a ɗaya. Ina sauri, na yarda. Ban ma gwada da kaɗan ba. Na zuba kashi biyu cikin uku na abin da Iya ta ba ni a babbar tukunya, na hura wuta, na tafi ɗebo ruwa wurin tanka. Da na dawo na sa muciya, ba ta taɓa komai ba. Sodar ta narkar da shi. Wani baƙin kunu ne kawai a tukunya, mai warin ƙonannen gashi. Na ɗauka na kai bayan gida na zubar, ya bi gangaren Nakkasa. Ban yi kuka ba. Na wanke tukunyar na dafa muku shinkafa a cikinta, kuka ce ta yi ɗaci, na ce ku ci.

Kwana uku ina yawon neman mai wutar itace. Na samu wani ɗan Yaman mai gasa burodi a bayan Mansur, wanda har a lokacin, da itace yake hura tanderunsa. Na nuna masa buhu na nuna toka. Ya ɗauka mahaukaciya ce ko mai sihiri. Na ce zan share masa wurin kullum da safe, ladana tokar. Ya ce halas, shi ke nan, ki kwashe. Tokar ta yi kyau, fara tas. Na dafa ragowar kamar yadda Iya take yi, yini guda, ina tsaye a kai. Ya fito laushi kamar gashin jariri. Na kaɗa, na kai wa Malam Garba. Ya auna a hannu ya girgiza kai.

“Wannan aljihu kawai zai cika. Ba ya kai riga ɗaya, balle biyu.”

Na hau dutse na koma gida. Kuna makaranta. Na buɗe akwati na fito da rigar babanku na shimfiɗa a tabarma. Ku sani, ba rigar sayarwa ba ce a lokacin. Kafaɗarta ta ci, ɓera ya taɓa gindinta, ba wanda zai ba da kuɗin burodin sati a kanta. Amma zaren nawa ne, na san shi, bai mutu ba. Na san kuma babbanku yana buɗe akwatin nan in ba na nan yana sa fuskarsa a ciki, domin ina tarar da ninkin ya canja. Na zauna da rigar tun hantsi har aka kira azahar. Sai na ce, ko rigar ta tafi ko yaron ya tafi. Na ɗauko reza na tsinke ɗinkin farko. Ƙyalle-ƙyalle na rarraba ta, ina zare zaren ɗaya bayan ɗaya, ina wankewa, ina sake murɗawa. A saman soron maƙwabta nake yi don kada ku gani. Duk azumin shekarar a kan wannan aiki na yi shi, rana tana dukan ƙeyata, yatsana ya tsage ina shafa alli a kan jini. Idona na hagu tun daga nan ya fara hazo.

Ana gobe Sallah babbanku ya buɗe akwati don ya ga rigar, bai gan ta ba. Ya tsaya a kaina.

“Ummi, ina rigar Abuya?”

Ban amsa ba. Ku da kuka tashi a nan ba ku san wannan ba. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta yi masa bayanin kanta. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Haka uwata ta yi wa yayana, haka na ga an yi. Na kawar da kai na ce Binta ta miƙa masa abinci. Da Yaya Sale ya zo gaisuwar Sallah yaron ya tambaye shi, shi kuma bai sani ba, ya ce wataƙila ta sayar, mace da yara ai dole. Daga ranar babbanku bai sake cin abinci kusa da ni ba. Na gani. Na koma kan zaren da zan ƙarasa.

Malam Garba ya gama riga ta biyu ana saura kwana tara Arfa. Da ya shimfiɗa su sai da ya share ido da hularsa, ya ce bai san hannunsa yana nan ba. Ya rataye su a ƙofar shago. Alhazai suka cika Mansur, suna wucewa suna sayen darduma da agogo da yadi mai walƙiya. Wani ya taɓa ƙirjin rigar ya tambaya ko datti ne ya sa aikin ya yi ja. Wani ya ce a rage masa tunda zaren ya koɗe. Aka hau Arfa, aka sauko, aka yi jifa, riga biyu suna rataye. Motoci suka fara kwashe mutane. Yaya Sale ya aiko cewa ranar Juma'a yana tafe.

Ranar Laraba na je na sauke rigunan da kaina. Malam Garba ya ce ina za ki da su. Na ce yara ne ke wucewa ta nan, ni tsoho nake nema. Na tafi masaukin alhazan Kano, na zauna a gefen ƙofa wajen da tsofaffi ke shan iska bayan la'asar. Ban buɗe rigunan ba. Na fito da mazari da ɗan abin da ya rage mini, na shafa alli, na fara kaɗi kamar ina tsakar gidanmu. Mata suna wucewa suna dariya, wai ga wata ta zo Makka kaɗi. Can wani tsoho mai farin gemu ya wuce, ya dawo da baya, ya tsaya yana kallon hannuna.

“Baiwar Allah, mene ne wannan kike kaɗawa?”

“Abin da idonka ya gaya maka, Alhaji.”

“Idona ya sha yi mini ƙarya. Ba ni.”

Na tsinka masa. Ya karɓi ashana wurin mai shayi ya ƙona bakin zaren, ya shinshina, ya murza da yatsa. Na kanti in an ƙona shi dunƙulewa yake ya yi tauri. Namu toka yake zama. Ya dubi baƙin da ke yatsansa.

“Tsamiyar doka ce. Shekara nawa ina cigiyarta a gida, kowa ya ce ta ƙare. Saura nawa gare ki?”

Sai na kwance ƙunshin. Ya tsuguna, tsoho da shi, ya bi aikin da tafin hannu tun daga wuya har aljihu. Ya kira abokan tafiyarsa. Ashe fataken riguna ne tun kakanni. Ɗayansu ya fara cewa a yi ciniki, tsohon ya ɗaga masa hannu.

“Kai, wannan ba a yi mata ciniki a tsaye. Hajiya, faɗi.”

Na faɗi abin da ni kaina na ji tsoronsa. Bai rage ba. Yana naɗe rigunan yana dariya, ya ce shi dai ya ga ikon Allah, ya ƙetare teku ya zo ya sayi kayan garinsu, kuma in ya koma sai ya ce tsarabar Makka ce. Ya tambaye ni in an kawo mini ɗanyen gida zan kaɗa? Ya ce a gida ko an samu babu mai kaɗawa, tsofaffin sun mutu, yaran sun ce ƙaiƙayi. Na ce a kawo, amma da sharaɗi. Wanda masu shi suka fita kawai. In na ji nauyi zan mayar.

Ranar Juma'a Yaya Sale ya hau dutse yana haki, ya tarar da buhun shinkafa da na gari a jingine, an biya mai ɗaki har shekara, ku uku da sababbin takalma. Ya duba, ya duba ni.

“Talatu, me kika sayar?”

“Tsutsa, Yaya. Ka sha shayi, hanya da nisa.”

Ya koma Jidda shi kaɗai a motarsa. Na tsaya a kan dutse ina kallonsa har ya sha kwana. A duk rayuwata ban taɓa jin tsawona kamar ranar ba.

Tsohon ya cika alkawari. Kowace shekara alhazai suna zuwa mini da buhu, daga wajen Adamawa aka ce ake tsinto shi. Na koya wa mata shida a Nakkasa, muka cika soro da mazari, ɗan Yaman ya daina ba da toka kyauta da ya ga abin ya zama sana'a. Malam Garba ya ture keke gefe ya ɗauki mataimaka. Shekara tara muna haka. Da shi kuka yi karatu, da shi na aurar da Binta, da shi babbanku ya koyi gyaran na'urar sanyi har ya buɗe shagonsa. Daga baya buhun ya fara raguwa. Ya koma rabi, ya koma ƙunshi a cikin ɗankwali. Shekarar ƙarshe saƙon baki kawai aka kawo, cewa an sare dokar an yi gawayi, abin da ya rage kuma feshin gona ya kashe. Ban yi mamaki ba, na taɓa ganin irinsa. Malam Garba ya rasu, aka rushe unguwarmu, soron da muka yi kaɗi yanzu titi ne. Amma kafin tsutsa ta ƙare kun riga kun yi fiffike. Ba wanda ya cire ku da nauyinku.

Abin da na biya na sani. Ido ɗaya, yatsu biyu da ba sa lanƙwasuwa, da ɗa da yake gaishe ni kamar maƙwabciya. Na farko da na biyu ban damu ba. Na ukun laifina ne, domin na riƙe kunyar garinmu a garin da ba a san ta ba, na bar yaro da tambaya shekara talatin. Rigar ta tafi, ku kun zauna, ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya. Ko yau aka dawo da ni wannan tabarma zan sake ɗaukar reza.

Wuyan rigar bai warwaru ba. Gumin babanku ya riƙe shi, reza ta ƙi shiga. Yana cikin matashin Iya, wanda nake kwana a kai har yanzu. Ban taɓa kiran sunanka ba tun da aka raɗa maka shi, kuma Hajara ta ɗaga biro tana kallona, na ce ta rubuta. Haruna, ka zo ka ɗauki gadonka. Ka zo da yunwa, a nan za ka ci, kusa da ni.